Daga Tiga zuwa Riruwai, Inda Wani Tsohon Fim na Indiya Ya Ƙi Tsufa

Mu mutanen ƙasar Daura, in aka ce Kano, abin da ke faɗo mana a rai bai wuce Kantin Kwari da Kurmi da Singa da Dawanau ba. Mu sari kaya, mu ci abinci a tasha, mu juyo gida kafin magariba. Kaɗan ne cikinmu suka taɓa miƙe titin Zariya, suka wuce Kura da Ciromawa, har suka karya a Kwanar Dangora suka fuskanci kudu. Can akwai wata Kanon dabam. Rairayi ya ƙare, ƙasa ta yi nauyi, masara da shinkafa da rake sun ture gero gefe, damina tana riga tamu sauka kuma tana daɗewa ba ta ɗauke ba. Ƙananan hukumomi huɗu ne a jere, Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, kuma ta ƙarshen ta zura har tsakanin jihohin Kaduna da Bauci.

Na bi wannan hanya da kaka, ina rakiyar wani yayana mai fataucin hatsi. Shi masara ta kai shi. Ni kuwa na dawo da labarin wani fim da aka yi a Bambai tun kafin Nijeriya ta samu mulkin kai.

Bebeji tsohon gari ne na fatake, a nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Amma abin da ya canja fuskar yankin a zamaninmu shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda gwamnatin Audu Baƙo ta gina a kan Kogin Kano aka gama a 1974, daidai lokacin da farin shekarun 1970 ya gama wahalar da Arewa. Ruwan da take iya riƙewa ya kusa kubik mita biliyan 2. Daga nan ake sako shi cikin babbar magudana, ya bi ta Ruwan Kanya, ya rarrabu cikin gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Mutumin da ya tashi yana jan guga a rijiya mai gaba ashirin, in ya tsaya a bakin Tiga sai ya rasa ta cewa.

A teburin wani mai shayi na garin Tiga na tarar da matasa sun yi cincirindo kan waya ɗaya. Na zaci ƙwallo ce. Da na leƙa sai na ga mace cikin jan sari, laka har wuya, ta saɓa garma a kafaɗa. Mother India ne. Babu fassarar Hausa a kai, irin wadda su Algaita suke ɗora wa finafinan yanzu. Fassarar tana bakin wani dattijo da ke zaune kan benci, wanda ya ce a ƙuruciyarsa ya yi cirani a birni, kuma kuɗin da ya kashe a sinimar Plaza da Eldorado da ya tara da ya sayi ɗan maraƙi. Ba ya jin Indiyanci. Amma kafin ɗan wasa ya buɗe baki ya riga ya faɗi abin da zai ce, kafin waƙa ta taso ya riga ya fara gyaɗa kai. Wani yaro ya ce masa, "Baba, wai kai ka rubuta musu ne?" Ya ce, "Yaro, ai ba sai na rubuta ba. Tambayi ubanka buhu nawa ya biya bana."

Ga wanda bai sani ba, fim ɗin ya fito ne a watan Oktoba na 1957. Mehboob Khan ya shirya shi, kuma maimaici ne na wani fim nasa na 1940 mai suna Aurat. Nargis ce ta fito a matsayin Radha, amaryar ƙauye wadda surukarta ta ci bashin rufi 500 wurin mai ba da rance, Sukhilala, don a yi bikin. An jinginar da gona. Mutanen gidan ba su iya karatu ba, Sukhilala kuwa shi ke riƙe da littafi, don haka abin da ya ce an rubuta shi aka rubuta. Dattawan gari suka zauna suka ba shi gaskiya. Daga ranar, kashi uku cikin huɗu na duk abin da gonar ta bayar nasa ne, a matsayin kuɗin ruwa kawai, uwar kuɗi na nan ba ta motsa ba. Mijin Radha ya je sharar wani fili mai duwatsu don su samu abin da ba na Sukhilala ba, dutse ya danne masa hannuwa biyu, kunya ta sa ya bar gari da dare. Shanun noma suka tafi a bakin bashi. Ambaliya ta zo ta share amfani, ta ci rai a gidan. Sukhilala ya yi wa Radha tayin abinci a bakin mutuncinta, ta ƙi. Ta raini 'ya'ya biyu da suka rage, Ramu mai haƙuri da Birju mai zuciya a wuya. Birju ya girma da ƙullin awarwaron uwarsa da ke hannun Sukhilala, aka kore shi daga gari, ya shiga daji ya zama ɗan fashi. Ranar bikin 'yar Sukhilala ya dawo, ya kashe uban, ya ɗauke amarya a kan doki. Radha, wadda ta riga ta yi wa gari alkawarin ba za a taɓa mutuncin 'yar kowa ba, ta ɗaga bindiga ta harbe ɗanta.

Duk wannan kowa yana iya tunawa. Abin da ban taɓa lura da nauyinsa ba sai a Tiga shi ne yadda fim ɗin ya buɗe da yadda ya rufe. Da bikin buɗe magudanar ruwa ya fara: gwamnati ta kawo wa ƙauye ruwan noman rani, aka ce tsohuwa Radha ce za ta buɗe. Daga nan ta tuna baya. A ƙarshe ta ɗaga ƙofar ruwan, ruwan ya kwararo ja, launin jinin ɗanta. Indiyar zamanin mulkin Nehru ce wannan, wadda ta ɗora begenta kan manyan madatsu irin su Bhakra. Shekara goma sha bakwai bayan fitowar fim ɗin Kano ta yi tata. A sinimar birni wannan buɗewa ado ce kawai kafin a shiga labari. A nan kuwa masu kallon 'ya'ya ne da jikokin waɗanda aka tasa daga ƙauyukansu don ruwa ya kwanta, da waɗanda ruwan ya arzuta.

Yadda fim ɗin ya iso nan ma tafiya ce mai tsawo. 'Yan kasuwa Kwarori, masu gidajen sinima, su suka fara shigo da finafinan Indiya Arewa a shekarun 1950, suka ga sun fi na Amurka da na Ingila cika musu gida. Wani Bature mai bincike, Brian Larkin, wanda ya zauna a Kano a shekarun 1990, ya rubuta cewa har a lokacin Mother India yana tara jama'a a sinima, kusan shekara arba'in bayan fitowarsa. Amma sinima ta maza ce kuma ta birni. Ƙauye ya samu rabonsa ne ta bakin 'yan cirani da ke dawowa da labari, sai talabijin ta zo, NTA da CTV ta zamanin Abubakar Rimi suna sa fim ɗin Indiya, matan aure suka samu shiga. Sai kaset na bidiyo da janareta da gidan kallo na zana. Yau kuwa a Kwanar Dangora, cikin Kiru, inda manyan motoci ke tsayawa cin abinci, akwai rumfunan masu cajin waya da za su tura maka fim a memori da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa da wake ba. Na tambayi ɗaya ko ana neman tsofaffin. Ya ce matasa sababbi masu fassara suke so, na faɗa da harbi, amma akwai 'yan tsirarun tsofaffi da ba ya yarda ya goge daga kwamfutarsa, domin duk mako sai wani direba ko wata tsohuwa ta aiko jika.

Sai waƙoƙin. Naushad, mutumin Lucknow, shi ya yi kiɗan, Shakeel Badayuni ya rubuta baitocin, muryoyin kuwa na Lata Mangeshkar ne da Shamshad Begum da Mohammed Rafi da Manna Dey. Abin lura, Mehboob Khan da Naushad da Shakeel da Rafi duk Musulmi ne, ita ma Nargis sunanta na yanka Fatima, ga shi sun haɗu sun yi fim a kan matar ƙauye Bahindiya. Naushad ya ɗauko karin waƙoƙin ƙauyukan arewacin Indiya da na gargajiyar fadodinsu, ya haɗa da tarin goge irin na Turawa. Abin da nake jin ya kama kunnen Bahaushe shi ne yawancinsu waƙoƙin aiki ne da na taro. Ana yi ana huɗa, ana yi ana girbi, ana yi ana kai amarya a keken shanu, ɗaya ya bayar jama'a su amsa. Wanda ya taɓa tsayawa a gayya mai gangar noma na zuga samari, ko ya ji mata na waƙar daɓe, ba baƙon wannan tsari ba ne. Akwai wadda Radha take yi tana jan garma da kanta, yara na biye. Akwai wadda take roƙon mutanen gari, bayan ambaliya, kada su gudu su bar ƙasarsu, har suka juyo. Dattijon Tiga ya ce wannan ta biyun, ko yanzu ya ji ta sai ya tuna shekarar da rabin samarin ƙauyensu suka tafi Legas.

Karin waƙar Indiya ya daɗe da zama ɗan gida a ƙasar Hausa. Makaɗa irin su Abdu Yaron Goge da Ali Makaho sun ɗauki karin wasu finafinai sun zuba musu Hausa. A Kano, ƙungiyoyin matasa masu bandiri, har da wadda ta kira kanta Ushaƙu Indiya, sun riƙa ɗora yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan karin waƙoƙin fim, abin da wasu malamai suka yi ta suka a kai, wasu suka ce ai juya zukatan matasa ne daga wasa zuwa bege. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigin wannan sosai. 'Yan wasan ma an raɗa musu sunaye: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Shi wannan Sanjay, ashe jikan Mother India ne ta wata fuska. Ana cikin ɗaukar fim ɗin wuta ta ƙwace, ta rutsa da Nargis, Sunil Dutt, wanda ya fito a matsayin Birju, ya kutsa ya fito da ita ya ƙone. A 1958 suka yi aure, uwa da ɗa na cikin fim, a 1959 suka haifi Sanjay. Matasan mai shayi sun san ɗan, ba su san iyayensa ke gabansu ba. A shekarar auren ne kuma fim ɗin ya shiga sahun ƙarshe na gasar Oscar ta Amurka, wani na Italiya ya doke shi.

Tudun Wada garin shinkafa ne. Tun daga bakin gari za ka ji ƙarar injinan casa, ka ga shanshera a shanye kan tamfol, hayaƙi na tashi daga gidajen da mata ke turara ta a manyan tukwane da rabin duro. Wannan sana'a ta mata ce, kuma da yawansu da ita suke riƙe da gida. A gidan da muka sauka, uwar mai masaukinmu tana cikin masu yi. Da hira ta kawo mu kan fim ɗin na ce, "Inna, ke da ke ce, za ki iya harbin ɗanki?" Ta daɗe tana juya shinkafa kafin ta ce, "Ɗan nan, ni ba harbin ke ba ni mamaki ba. Ina mazan garin suke tun farko, da suka zauna aka karanta musu takardar ƙarya suka ce sun yarda?" A ganinta, an bar mace da garma shekara da shekaru, an bar ta da yunwa, ranar da abu ya ɓaci kuma aka bar ta da bindiga, sannan aka sa mata furanni aka kira ta uwar gari.

Ina ganin Inna ta fi masu sharhi da yawa fahimtar fim ɗin, har da aibinsa. Mother India ya yi tsawo, ya kusa awa uku, kuma Mehboob Khan ba ya jin ya gamsu sai ya ɗora wa Radha masifa a kan masifa har mai kallo ya gaji da tausayi. Ya mai da haƙurin mace abin ado. Mafi muni, bai nuna wata hanya da talaka zai bi ya karɓi haƙƙinsa ba: mai haƙuri ya ƙare yana biya, mai zuciya ya mutu da harsashi, sai gwamnati ta sauko da magudanar ruwa kamar an gama magana.

To, Tiga ta nuna ba a gama ba. Ruwan ya kawo arziki, wannan babu musu. Tumatir da albasa da alkama da shinkafar rani sun gina gidaje sun kai mutane Makka. Amma noman rani ɗan jari ne. Ga taki, kamfa da yuriya, ga iri, ga maganin feshi, ga man injin ban ruwa, ga 'yan ƙwadago. Shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta afka wa tumatir, a 2016, mutane da yawa sun tashi da bashi ba amfani. Can ƙasa kuma, wajen Haɗeja da Nguru, masunta da manoman fadama suna kukan ambaliyar da suka saba noma da ita ta canja, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Manomin damina a Kiru ko Doguwa shi ma bai tsira ba. Abin da ake kira ba da kaka yana nan da ransa: a ba ka taki ko kuɗi da farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ka biya da buhunan masara ko shanshera da kaka, lokacin da farashi ya faɗi warwas. Watanni kaɗan bayan nan ka koma kasuwa ka sayi masarar da ka noma da tsada. In damina ta ƙi, magana ta koma kan jinginar gona. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na wani ya fi na wani murɗawa.

A nan sai da muka yi sa-in-sa da yayana a mota, domin shi ma yana ba da kaka, kuma masarar da muka je ɗauka rabinta ta wannan hanya ta zo. Ya ce, "Kai malamin boko, in ban ba su ba wa zai ba su? Banki zai zo ƙauye ya ba mutum buhun taki ba takarda?" Ya ce shi ma yana kwana da fargaba, domin in fari ya zo ko farashi ya karye, kuɗinsa ne a daji, kuma ba ya ƙara wa kowa ko tiya a kan abin da aka yi magana. Ban ce ya yi ƙarya ba, kuma ba na ce masa Sukhilala. Bambancinsu a wurina ɗaya ne: ko manomi ya san abin da aka rubuta, ko akwai shaidu, ko yana da inda zai kai ƙara a saurare shi. Gwamnatin tarayya ta gwada nata rancen manoma daga 2015, aka yi ta rigima kan wanda ya karɓa da wanda ya biya. Mutumin ƙauye dai har yau wanda ya sani yake nema.

Daga Tudun Wada titin Jos yana ratsa dajin Falgore, wanda Kogin Kano ke bi ta cikinsa kafin ya zube a Tiga. Daji ne na gaske, irin wanda ba mu da shi a arewa, itatuwa sun haɗe kai, ga birai a bakin hanya. Direbobi ba sa son dare ya same su a ciki, domin ya yi suna a shekarun baya da 'yan fashi da ɓarayin shanu, har sojoji suka kafa sansani. Cikin motar nan na tuna Birju, kuma na lura da wani abu: duk waɗanda na yi hira da su a wannan yanki, babu wanda ya yabe shi. Sun yarda an zalunce shi, sun yarda lissafin Sukhilala na ƙarya ne. Amma mutanen da suka san abin da ake nufi da a tare hanya ko a kore garke ba sa ganin ɗan fashi a kan doki su yi tafi, kamar yadda aka ce 'yan sinimar birni suna yi a da. Bayan daji sai Doguwa, sai duwatsun Riruwai inda aka haƙi kuza tun zamanin Turawa, ga sanyi, ga masara jibge a kowace ƙofar gida. Nan muka cika mota.

Finafinanmu na Hausa, tun daga Turmin Danya na 1990, da Sangaya da ya zo ƙarshen shekarun ya buɗe ƙofar waƙa da rawa, babu mai musun cewa nonon Indiya suka sha. Marubutan littattafan soyayya ma haka. Amma abin da aka ɗebo shi ne saurayi da budurwa a cikin furanni, da auren dole, da attajirin uba mai hana 'yarsa talaka. An ɗauki waƙar an bar gonar. Indiyawa sun ɗauki matar manomi da bashin rufi 500 sun yi fim da duniya take kallo kusan shekara saba'in, har a teburin mai shayi a Tiga. Mu da mafi yawanmu manoma ne, finafinanmu sun fi son falo da kujerun alfarma da mota a ƙofar gida, ƙauye kuwa sai in ana neman abin dariya.

Ku masu shirya fim a Kano, daga titin gidan Zu zuwa Kwanar Dangora ba ta kai tafiyar awa biyu ba. Ku zo da kaka, lokacin da ake auna buhu ana cire na mai taki. Ku zauna da matan Tudun Wada a bakin tukunya, ku ji yadda ake cin bashi da yadda ake biya, ku nemi makaɗan noma tun suna raye ku ji abin da za a iya yi da gangarsu. Ruwan Tiga da dajin Falgore da duwatsun Riruwai ba sa buƙatar a gina su, kuma masu kallon suna nan da wayoyinsu a hannu.